Gaba Arba'in na Igiyar Moda

Jiya ɗayanku ya wuce ni a ƙofar gida ina murza zare a cinya, ya tsaya ya ce, "Tsoho, wanga aiki ai ko barci kaka yi ka iya shi." Ban ji haushi ba, don ni ma abin da na faɗa ke nan ran da na fara ganin ana yi. To ku matso inuwa ku zauna. Ganyen nan da kuke gani an dasa cikin gwangwani a ƙofar biro, ofishin gwamnati, a Dogon Dutsi, dogo mai kauri, mai zane kamar bayan kasa, a wurinku ado ne. Mu moda muke ce mata, kuma ita ta ciyar da ni da iyalina shekara arba'in da ɗoriya, kafin igiyar roba ta zo ta zaunar da mu.

Ban gaji sana'ar ba. Sunana Namata, manomi ɗan manomi, daga wani ƙauye yamma da Ɗan Kassari. Zamanin Nasara ne, shekarar da fara ta sauka ta cinye gero yana tsaye, na wayi gari ga gemu, ga mata, ga rumbu wayam. Sai na tafi wurin Baba Gado, wani makaho da ke tufka igiya a gindin tsamiyar bakin kasuwarmu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce koyo na zo.

"Kwana nawa ka ɗiba ma kanka?" in ji shi.

Na ce bakwai sun isa.

Ya yi dariya har ya saki zaren da ke hannunsa. "To, Mai ido, zamna." Daga ranar bai sake kirana Namata ba. Kwana bakwan nan kuwa sai da suka zama shekara uku kafin ya bar ni na taɓa igiyar rijiya.

Aikin farko da ya ba ni yanko ganye ne. Moda ba ta son fili. A ƙarƙashin sarƙaƙiya take fitowa, ko gindin suri, ko cikin tsagin duwatsu inda rana ba ta daɗewa. Na hau dutse da sassafe na cika kwando da waɗanda suka fi kyau, koraye shar masu sheƙi, na sauko ina jin kaina. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yana lanƙwasawa yana jefarwa bayansa, har kwandon ya ƙare. Ya ce jarirai na yanko masa. Ganyen aiki shi ne na waje, tsoho, wanda bakinsa ya fara bushewa, wanda in ka lanƙwasa shi yake maka gardama. Kowane gindi kuma sai ka bar masa uku na tsakiya. Kafin ka sa wuƙa, ka zuba ɗan ruwan gumba a ƙasa saboda doguwa, aljanar da ke da wurin. Na ce masa ni fa ina salla. Ya ce shi ma yana yi, amma bai taɓa shiga gonar wani bai yi sallama ba.

Kankara ita ce uwar wahalar. Kayan aikin ba su da yawa: gungumen ƙirya mai santsi, da dakusasshiyar wuƙa, da turke, da fatar zama. Wuƙa mai kaifi yanke zaren take yi, shi ya sa sabuwa sai an goga ta a dutse an kashe mata baki. Ka kwantar da ganye a kan gungume, ka danne gindinsa da babban yatsan ƙafa, ka tura wuƙar gaba, naman ganyen yana fita kore, zaren yana saura. Ruwansa yana cin hannu, tsakanin yatsu ya yi ja yana ƙaiƙayi. Ka wuni tun hantsi har la'asar, abin da za ka samu bai wuce kaurin wuyan hannunka ba. A inuwa ake shanya shi, don rana tana sa shi karyewa. Murza kuwa cinya ce ke biya. Tawa ta saɓule sau biyu kafin ta yi kanta, kuma har yau gashi bai sake fitowa a wurin ba. Da muka saba, sai aikin ya rabu da kansa: ni in yanko, in kankare, in shanya, shi ya murza ya tufka, ina taya shi.

Akwai hanyar ragwaye, kuma ya nuna mini ita tun da wuri don in san ta. A ɗaure ganye a nutsa shi cikin tabki kwana shida ko bakwai, naman ya ruɓe, ka zage shi da yatsa biyu kawai. Zaren yakan fito fari tas, mai laushi, ya fi kankararre kyau a ido, amma ruwa ya riga ya cinye ƙarfinsa. Baba Gado yakan yi ragaya da shi, ta rataye ƙwarya a ɗaki, ko igiyar ɗaurin zana. Ya ce duk abin da rai zai rataya a kansa, jiƙaƙƙen zare ba ya shiga ciki ko sili ɗaya.

Wata Bafulatana ba na mantawa da ita. Daga wajen Sukukutane ta zo sayen dangwali, doguwar igiyar nan mai zarge-zarge da ake jera maruƙa a jikinta, tana goye da ɗiya mai tsala ihu tana jan kunne. Baba ya ajiye ciniki ya ce in ba shi ganye mai kauri. Ya ɗora shi a kan garwashi yana juyawa har ya yi laushi, ya taɓa shi a kuncinsa ya ji zafin ya sauka, sannan ya murɗa ya ɗiga ruwan sau uku a kunnen. Kafin mu gama auna dangwalin yarinyar ta yi barci. Mai shawara a ba shi saiwa ya dafa, amma guntuwa daga gefe, ba a tumɓuke gindi. Mai gyambo a gasa ganye a matsa masa. Na magani bai taɓa karɓar ko ƙwayar gero ba, igiya kaɗai yake sayarwa.

Wani maharbi kuma ya taso tun daga Geceme da bakansa, yana son tsirkiya. Baba ya zaɓi zaren da ya fi tsawo, ya murza shi siriri, ya shafe da kakin zuma, ya ɗaura. Sai ya kai bakan kusa da kunne ya kaɗa tsirkiyar da yatsa, ya saurara, ya kwance, ya sake. Sau huɗu yana yi, maharbin yana ta ƙorafin rana za ta faɗi masa a hanya. A na biyar ya miƙa mini ya ce in ji. Na ce ban ji bambanci ba. Ya ce, "Ai na sani, ido ya toshe maka kunne." Irin zaman da muke yi ke nan, yana tsokanata, ina kawo masa labarin wanda ya wuce da irin rigar da ya sa. Ban taɓa samun zama mai daɗin wannan ba, kafinsa ko bayansa.

Igiyar rijiya ita ce babban aiki. A fadama ruwa kusa yake, gaba uku ka same shi. A kan tudu kuwa sai a yi gaba talatin ana haƙa ba a ga danshi ba, mutum yana can ƙasa, ba abin da ya haɗa shi da duniya sai abin da muka tufka. Riɓi uku ake mata, a murɗa kowanne dama, a haɗa su hagu. Kuma a wurin Baba Gado ba a miƙa ta ga mai haƙa sai wanda ya tufka ya ɗaura ta a ƙugu, an zura shi har ƙasa an fito da shi. Da kansa yake sauka, yana waƙa a ciki, har ƙarfinsa ya fara ja da baya, saukar ta dawo kaina. Mai haƙar da muka fi yi wa aiki Arzika ne, taubashina, wanda duk ran da ake zura ni sai ya leƙo ya ce in gaida masa kakannina.

A shekarata ta tara a wurinsa, an gama girbi ke nan, gardin kumandan, wato dogarin Baturen da ke mulkin yankinmu, ya zo a kan doki ya tsaya a gindin tsamiya, bai ko sauka ba. Ana fasa hanyar mota a kan tudu, kumandan ya sa a haƙa rijiya a bakinta, kuma Arzika ne a ciki. Sun kai gaba ashirin da biyar da ƙulle-ƙullen tsofaffin igiyoyi, ba ruwa, igiya ta ƙare.

"Gaba arba'in aka so," in ji gardi. "Kwana ashirin."

"Ranka shi daɗe, wata biyu aka yin wagga igiya," Baba ya ce.

"Kumandan bai ce wata biyu ba. In na komo ban iske ta ba, wanga ƙato shi bi ni aikin hanya. Kai tsoho ba ka da amfani gare mu."

Kowa ya san aikin hanya. Aikin tilas ne, a tafi da mutum ba a ce ga ranar dawowa ba, wasu ma ba su dawo ba. Ni kuwa matata tana da tsohon ciki, gerona yana gona ban kai rumbu ba.

Na yi kwana uku ina kankara tun fitowar rana har faɗuwarta, hannuna ya kumbura. Na auna abin da na tara, na ga ko na mutu a kan gungumen ba zan wuce rabi ba. Ran na huɗu na yanko ganye kayan jaki biyu, ban kawo su gindin tsamiya ba, na bi ta bayan gari na nutsa su a tabki na danne da duwatsu. Ruwan kaka ne, ya yi ɗumi, kwana shida ganyen ya narke. Na wanke zaren sau uku da ruwan rijiya, na shanya a bayan rumbuna, na turara shi da hayaƙin kara don warin tabki ya tafi, na cuɗa shi da wanda na ci gaba da kankarewa, damƙi ɗaya na wannan, damƙi ɗaya na wancan. Abin da nake gaya wa kaina shi ne ai ni zan fara sauka, in ta ɗauke ni ta ɗauki kowa. Alhali na sani sarai jiƙaƙƙen zare ba ran farko yake cin amana ba. Sai ya sha gogar itacen bakin rijiya, ya ɗauki nauyin duwatsu kwana da kwanaki, sannan ya saki. Ranar kuwa Arzika ne zai kasance a ƙarshenta.

Da na ajiye wa Baba damin, ya zari sili ya murza tsakanin yatsu. Ya kai shi kusa da fuskarsa.

"Mai ido, hannunka ya yi sauri bana."

Na ce tsoro ne ya sa ni sauri.

"Haka na," ya ce. Ya tofa yawu a tafi, ya ɗora zaren a cinya. Na ji sanyi a raina, na ɗauka na tsallake. Muka gama ta ana gobe wa'adi, fara sol, ban taɓa ganin igiya mai kyanta ba.

Muka ɗora ta a jaki, Baba a kan wani jakin, ɗiyarsa Dije, matar aure da ke dafa masa abinci, tana ja masa. Da hantsi muka kai bakin rijiyar. Mutanen aikin tilas wajen ashirin suna tsaitsaye, gardi yana zaune a inuwar bukka da bulala a cinya. Arzika ya shafa igiyar ya ce, "Kai taubashi, wagga ai ta kayan amarya ta." Na miƙa hannu zan ɗauki bakinta in ɗaura, sai na tarar Baba ya riga ni.

"Yau ni ka sabka," ya ce.

"Baba, shekara huɗu ke nan ni ka sabka."

"Igiyar kumandan ta, ai sai babba." Ya zagaya ta a ƙugunsa ya ƙulla. Sannan ya juya wajen da yake jin muryar Arzika. "Cika mani wasaki da duwatsu, irin cikin da kuka yi in za ku hidda su. Ku ɗaura shi nan ƙarƙashina."

Ba a taɓa gwaji haka ba, mutum kaɗai ake zurawa. Arzika ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Aka cika wasakin, gugan fatar nan babba, ƙatti biyu suka ɗaga shi da ƙyar aka ɗaura. Baba ya miƙa wa Dije sandarsa, ya zauna a bakin rijiya ƙafafunsa suna lilo a ciki, ya lalubi itacen, ya yi bismilla. Mutum shida suka riƙe igiyar. Aka fara saki, kafaɗunsa suka nutse, saura hularsa. Sai na ji igiyar ta yi wata 'yar ƙara a kan itacen, irin wadda ni da shi kaɗai muka san ma'anarta.

Ban san lokacin da na faɗa kan igiyar ba. Na riƙe da hannu biyu ina ihu a jawo shi, a jawo shi, rabinta jiƙaƙƙe ne, ni na jiƙa a tabki. Na faɗi haka da ƙarfi har gardi ya miƙe. Aka jawo Baba, ya zauna a kan ƙasar haƙa yana kwance ƙullin a hankali. Arzika ya zo ya tsaya a gabana ya daɗe yana kallona, ba alamar wasa a fuskarsa, abin da ban taɓa gani ba tun muna yara. Kallon nan ya fi mini ciwo a kan bulalar da ta biyo baya. Sai da aka shekara biyu kafin ya sake tsokanata.

A nan gardi ya tsare ni, ban koma gida ba. Dije za ta ja jakin ke nan Baba ya ce ta dakata, ya kira ni. Na durƙusa ina jiran abin da na cancanta.

"Marmara tana tsaga ƙahwa," ya ce. "In ka ga moda bakin hanya, gasa ka matsa, sahe da marece. Kak ka yanki na tsakiya."

Ya sa aka ɗora igiyar a kan ɗaya jakin, suka tafi. Ina kallon bayansa har suka gangara tudun. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Wata bakwai na yi a hanya. Mu fasa marmara, mu ɗauke ta a kai cikin kwando, mu zuba, mu daɓe. Rijiyar, na ji labari, an ƙarasa ta da igiyar fata da aka karɓo a rugage. Ƙafa kuwa ta tsage yadda ya faɗa, tawa da ta kowa. Duk inda muka yada zango nakan leƙa gindin suri da sarƙaƙiya, in na samu in gasa in bi mutane ina matsa musu, har suka koma kirana boka. Kullum in ganyen yana kan wuta sai in shirya maganar da zan faɗa wa Baba in na koma. Na shirya ta, na gyara, na sake shiryawa, har na haddace. Ina faɗa ba kunya, kewarsa ta fi damuna a kan ta gida, ga shi kuwa an haifa mini ɗa ban gan shi ba.

Da ruwan farko ya sauka aka sallame mu mu je shuka. Na iso gari da azahar, ban shiga gidana ba, na wuce gindin tsamiya. Ba fata, ba turke, sai kashin awaki. Na nufi gidansa. Dije ta fito da taɓarya a hannu, da ta gan ni ta jingine ta da zana.

"Yaya Namata, ka makara. Cikin bazara yat tahi, yau kwana talatin da biyat."

Na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Sai ta kai ni bukkarsa ta ɗaga tufaniya. Tari biyu ne na zare a ciki, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Ya warware igiyar nan gaba arba'in kaf, riɓi ukun duka, ya tsince ta sili-sili da yatsa, jiƙaƙƙe gefe, kankararre gefe. Dije ta ce duk lokacin sanyi a kan aikin ya ƙare, ko kasuwa ba ya fita. Daga tarin dama kuma ya fara sabuwar tufka ta kai gaba goma sha ɗaya, bakinta a ɗaure a turke yadda ya bar ta.

Na ce, "Dije, ya yi hushi da ni?"

"Hushin mi? Tun rad da kak kawo zaren yas sani. Da yak komo gida cewa yay yi, Mai ido ya manta hancina bai makance ba."

"To don mi yat tubka? Don mi yaɗ ɗaura ma kainai?"

"Ni ma na tambaye shi. Ya ce in ya ƙi tubkawa, a tahi da kai. In ya bari kai ka sabka, ta ɗauke ka lahiya, ta je ta kashe Arzika. Shi as sa yac ce a cika duwatsu. In ta ɗauka, kowa ya huta. In ta tsinke, da mai ita ta tsinke, ba wanda za a kama." Ta goge ido da bakin zane. "Ya ce abu guda na bai zata ba, wai ka yi magana. Ya ce da kay yi ya ji daɗi ƙwarai, amma ka ɓata mai shiri."

Na shiga na zauna a kan fatarsa. Maganar da na haddace wata bakwai tana bakina, ba wanda zan faɗa wa. Na kwance bakin igiyar daga turke, na zari zare daga tarin dama, na tofa yawu a tafi. Shekara tara ina zaune kusa da hannun nan, amma da na haɗa tufkata da tasa, ko ku da ba ku san komai ba da kun nuna inda ya tsaya. Can Dije ta leƙo ta ce matata ta aiko, an ji na dawo, in zo in ga yaron. Na ce ta ce mata ina zuwa, bari in kai gaba goma sha biyu.